Matar da Ta Rubuta Kwanakinta

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano da rani, in ya kai wajen Kura, zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Ko'ina ciyawa ta bushe, iska na kwasar ƙura, amma nan ga gonaki kore shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa, har iyakar ganin ido. Dalilin wannan kuwa shi ne madatsar ruwan Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ake sako ruwa ta babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana, ya shiga gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Tun daga lokacin manoman wannan yanki suka zama masu lissafi. Manomin damina sama yake duba ya jira, amma manomin rani tilas ya san ranar da ruwa zai biyo ta magudanarsa. In ya yi dashe ruwa bai zo ba, ya yi asarar iri. In kuwa ruwa ya zo ya wuce yana kasuwa, sai ya jira wani zagayen.

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure akwai wani manomi mai eka 2 a bakin magudana. Mutum ne mai tsari, yana da wani ɗan littafi mai jan bango, inda yakan rubuta ranar ruwa, da bashin taki, da buhunan shinkafar da ya sayar. Ya auri wata yarinya daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, mai hankali, mai kunya, ga ta da sana'ar turara shinkafa. Suka shekara 4 suna zaman lafiya, sai dai ba a ji kukan jariri a ɗakinta ba.

Abin da ya daɗa rikita al'amarin shi ne al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, tun tana budurwa kuwa haka take. Wani lokaci takan ga jini bayan kwana 40, wani lokaci ta yi wata 2 ko 3 ba ta ga kome ba. Duk sa'ad da jinin ya yi jinkiri, sai murna ta cika gida. Uwar miji ta hana ta ɗaukar tulu, ta hana ta tsayuwa a bakin tukunyar shinkafa, a soma zancen ragon suna a asirce. Ran nan sai jini ya ɓalle da yawa, har da gudaji, sai a ce ta yi ɓari, mata su shigo jaje. Haka aka ƙirga mata ɓari 5 cikin shekara 4, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa yin gwaji an tabbatar akwai cikin ba.

Ana nan, a shekara ta 5, sai ta yi wata 5 cur ba ta ga jini ba, ciki kuwa bai fito ba, ba motsi, ba laulayi. Tsofaffin gida suka taru suka yanke cewa kwantaccen ciki ne, watau ɗa na nan amma barci ya yi, sai an nemi mai tashinsa. Uwar mijin ta kira ɗanta ta ce, "Kai, zama bai kama ka ba. Jikana na kwance a cikin yarinyar nan, kai kana can kana ƙirga buhuna." Ya ce, "To, Inna, abin da kika ce shi za a yi." Aka shiga neman magani. Wannan ya ba da saiwa a jiƙa, wancan ya ba da hayaƙi, wata ta kawo abin matsi haɗe da kanwa. Wani mai kemis kuma, bai gwada kome ba, ya ce sanyi ne, ya haɗa mata ƙwayoyi iri 4 da allurai. Kafin a ankara kuɗin buhu 6 na shinkafa sun tafi, duk ga su a rubuce cikin littafin nan mai jan bango.

Da cikin ya ƙi tashi, sai zance ya juya. Waɗanda jiya suke hana ta ɗaukar tulu, yau su ne ke yi mata habaici a gidan suna, wai juya ce, taki ake ta zubawa a kan fako. 'Yan'uwan miji suka soma ce masa ya sallame ta ya nemi wata. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta ce gishiri ne ya tare hanya, a kira wanzami ya yanke shi. Har an sa rana, sai gwaggon yarinyar ta ji labari, ta taso daga ƙauyensu. Ita kuwa ta taɓa jinyar wata yarinya da aka yi wa irin wannan yanka, aska ta huda mafitsara, ta kamu da yoyon fitsari. Ta durƙusa ta gai da uwar mijin, ta ce, "Yaya, ku yi mini arziki ku dakata, kada garin neman gira a rasa ido. A ba ni ita in kai ta asibiti tukuna."

Wanshekare suka tafi asibitin Kura. Malamar asibiti ta zaunar da yarinyar, ta ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da al'ada?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun wajen lokacin da aka fara cirar tumatir." Ta ce, "Wadda ta gabace ta fa?" Ta ce, "Ina jin bayan Babbar Salla ne, ko kuwa kafin nan." Malamar ta sa aka gwada fitsarinta, aka ga ba ciki. Ta bayyana musu cewa a ilmin likita ɗa ba ya barci a mahaifa. In ciki na nan da rai, girma yake yi kullum, gwajin fitsari da hoton ciki kuma za su nuna shi. In kuwa ya lalace, fitar da shi ya kamata a yi. Sa'an nan ta rubuta musu takarda zuwa wurin likitan mata a birni, ta tambayi yarinyar ko ta iya rubutu. Ta ce ta yi ajin manya na mata shekara 2. Malamar ta ce, "Madalla, kin riga kin sami rabin magani. Daga yau duk ranar da kika fara ganin jini ki rubuta kwanan wata, ki rubuta ranar da ya ɗauke, da yawansa, da duk wani ciwo da kika ji."

Tafiya birni ba ta yiwu nan da nan ba, domin kuɗin gida sun ƙare wajen masu tashin ciki, maigida ya ce sai an yi girbi. Jinkirin nan ba shi da amfani ga mai irin wannan larura, amma yarinyar ba ta bar shi ya tafi banza ba. Da dare ta ce wa mijinta, "Malam, ina roƙon ka ba ni shafi 2 daga ƙarshen littafinka." Ya yi dariya ya ce, "Ke kuma wane bashi kike bi?" Ta ce, "Ranar ruwa zan riƙa rubutawa, kamar yadda kake yi." Ya miƙa mata littafin da fensir. Bayan mako 2 jinin ya zo don kansa, ta buɗe shafin ƙarshe ta rubuta rana ta farko.

Mata Musulmi dai ba baƙin ƙirga kwana ba ne. Duk wadda ta karanta Ahalari ta san hukuncin kwanakin jini, da kwana 3 da mai tsayayyar al'ada ke ƙarawa in jini ya zarce, da iyakar kwana 15. Wannan lissafi na salla ne da azumi, kwanakin jinin yake dubawa. Lissafin likita dabam yake. Shi daga ranar farko ta wannan jini yake ƙirgawa har zuwa ranar da wani jinin zai fara, ya kira wannan zagaye ɗaya. Ga yawancin mata masu lafiya zagayen yakan kama tsakanin kwana 21 da 35, da yawansu kuma wajen 28. Ba laifi ba ne ya ƙaru ko ya ragu da 'yan kwanaki. Abin dubawa shi ne in ya riƙa wuce 35, ko ya kasa 21, ko yau ya yi gajere gobe ya yi tsawo ƙwarai, ko mace ta yi wata 3 ba jini, ba ciki, ba goyo.

Dalilin da ya sa likita ya damu da wannan lissafi shi ne. Allah ya halicci mace da gidan ƙwai 2, ɗaya a dama ɗaya a hagun mahaifa, kowanne kamar girman dabino. A cikinsu akwai ƙwayaye ƙanana ƙwarai, waɗanda da su aka haife ta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, ita ke aika saƙo ta cikin jini zuwa gidan ƙwai, kamar yadda hakimi ke aika wa dagatai da takarda. In saƙon ya isa daidai, sai ƙwai ɗaya ya nuna, mahaifa kuma ta soma yin shimfiɗa mai laushi a cikinta. Sa'an nan ƙwan ya fito, ya shiga wani siririn bututu mai zuwa mahaifa. In ya gamu da ƙwayar haihuwa ta namiji a cikin bututun, sai ya gangara ya kwanta a kan shimfiɗar, ciki ya shiga ke nan. In bai gamu da kome ba, bayan kamar kwana 14 sai shimfiɗar ta ɓare ta zubo, ita ce haila. Ashe jini bayan ƙwai yake biyowa. Saboda haka macen da jininta ke zuwa a kan kari, galibi ƙwanta ma a kan kari yake fita. Wadda jininta ke jinkiri kuwa, ko dai ƙwan ne ke makara, ko kuma bai fita ba sam. In ƙwai bai fita ba, shimfiɗar takan yi ta kauri wata da watanni, ranar da ta zube sai ta zo da yawa har da gudaji, mai kallo ya rantse ɓari ne.

Likitoci biyu ne suka gano wannan ƙa'ida ta kwana 14 a shekarun 1920, Ogino a ƙasar Japan da Knaus a Ostiriya, kowanne yana aikinsa dabam. Bisa ga ƙa'idar, mai zagayen kwana 28 ƙwanta kan fita wajen rana ta 14, mai kwana 35 wajen rana ta 21, mai kwana 60 kuwa sai wajen rana ta 46, in ma ya fita. Ƙwan ba ya wuce yini da kwana ɗaya da rai bayan fitarsa, ƙwayoyin namiji kuwa suna iya kai kwana 5 a jikin mace suna jira. Watau a kowane zagaye, kome tsawonsa, kwanakin ɗaukar ciki wajen 6 ne kacal. Mai zagayen kwana 28 tana samun wannan dama sau 13 a shekara. Wadda jininta ke zuwa bayan wata bibbiyu, sau 6 take samu ko ƙasa da haka, ga shi kuma ba ta san ranar ba. Halinta ya zama irin na manomin da ake sako wa ruwa jefi-jefi, ba a kuma gaya masa ranar da za a sako ba. Gonarsa ba fako ba ce, tsarin ruwan ne ya ɓaci.

Da aka yi girbi, maigida ya sayar da buhu 3, suka shiga mota zuwa Kano, inda manyan asibitoci kamar Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke da sashen likitocin mata. Da likita ya tambayi kwanakinta, ba ta ce lokacin cirar tumatir ba, littafi ta miƙa masa. Cikin wata 7 ta ga jini sau 5, tazarar da ke tsakani kuwa ga ta a rubuce: kwana 44, da 67, da 38, da 59. Likita ya duba ya ce, "Malama, wannan shafi ya rage mana aiki mai yawa." Ya tambaye ta ko gashi na fito mata a haɓa. Ta ji kunya, domin ta daɗe tana tsige shi a ɓoye, ko mijinta bai sani ba. Ya lura da ƙuraje a fuskarta, da baƙin da ya zagaye bayan wuyanta, da jikin da ta yi tun bayan aure. Aka ɗebi jininta, aka yi mata hoton ciki.

Hoton ya nuna gidajen ƙwanta cike da 'yan ƙananan ƙwayaye jere kamar tsakiya, kowanne ya soma girma ya tsaya bai nuna ba. Wannan larura a asibiti za a ji ana ce mata PCOS. Likitoci biyu, Stein da Leventhal, su suka bayyana ta a birnin Shikago na Amurka a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana samun mata 6 zuwa 13 cikin kowane 100 masu shekarun haihuwa, yawancinsu kuwa ba su san suna da ita ba. Ita ce kan gaba wajen hana ƙwai fita. Ba sammu ba ce, ba kuma a ɗaukarta daga wani, saƙon nan ne na cikin jini ke rikicewa, ƙiba kuma tana daɗa rikita shi. Mai ita tana da ƙwai, har da yawa ma, fitar ce ke yi masa wuya.

Ba ita kaɗai ke rikita al'ada ba. Shekarun farko bayan yarinya ta fara haila, da shekarun bayan 40, jini kan yi wasa, wannan ɗabi'a ce. Mai shayarwa takan daɗe ba ta ga jini ba, domin sinadarin da ke kawo nono yana danne ƙwai. Wani lokaci wannan sinadari kan yi yawa ga wadda ba ta goyo, har ta ga ruwan nono na fita, akwai kuwa ƙwaya da ke sauko da shi. Ciwon tsokar wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, shi ma yana rikita jini, gwajin jini kan nuna shi. Rama mai yawa, da yunwa, da aikin da ya fi ƙarfin jiki, da baƙin ciki mai tsanani, duk suna iya tsayar da ƙwai. Wadda ta yi allurar tazarar haihuwa ta wata 3 takan yi watanni, har kusan shekara, kafin ƙwanta ya dawo, amma yana dawowa. Wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, bayan nan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, lalle ta gaya wa likita, domin 'yar tsokar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce ke iya taɓuwa. Haka kuma wankin ciki, in an kankare da yawa, yakan bar tabo a mahaifa jini ya ragu. Kowanne da maganinsa dabam, shi ya sa haɗa ƙwayoyi da ka, a ce duk sanyi ne, ɓarnar kuɗi ce.

Sa'an nan likita ya juya wajen maigida, ya ce shi ma sai an gwada shi. Fuskarsa ta canja, ya ce, "Likita, ni lafiyata lau, ba abin da ke damuna." Likita ya ce, "Malam, in ka shuka alkama ba ta tsiro ba, gona kaɗai kake tuhuma, ko har da iri?" Ya yi shiru, can ya ce, "Har da iri." Likita ya bayyana masa cewa ƙarfin namiji dabam, yawan ƙwayoyin haihuwa da lafiyarsu dabam, sai madubin asibiti ke rarrabewa. Cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan kashi 1 cikin 3 daga namiji matsalar take, wajen kashi 1 cikin 4 kuwa daga rashin fitar ƙwai, saura daga toshewar bututu da wasu dalilai, wani lokaci ma daga su duka biyun. Gwajin namiji ya fi sauƙi, ya fi arha, ba zafi, don haka bai kamata a yi ta wahalar da mace shekara da shekaru ba a duba mijinta ba. Ya yarda aka gwada shi, aka same shi lafiya. Ita kuma aka yi mata hoton da ake ɗura ruwa a mahaifa, aka ga bututunta duka biyu a buɗe suke.

Da aka tabbatar da wannan, sai aka shiga magani. Likita ya ce ta rage lemon kwalba da kayan zaƙi, ta rage tulin tuwo da shinkafa, ta ƙara ganye da wake, ta riƙa motsa jiki, domin mai wannan larura in tana da ƙiba, ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta ta rage, sau da yawa ƙwai kan soma fita. Ya ba ta ƙwayar folik asid, mai kare jariri daga nakasar ƙashin baya. Ya kuma rubuta mata ƙwayar da ke sa ƙwai ya nuna, Letrozole, a sha kwana 5 a farkon kowane zagaye, a dawo a yi hoto a gani ko ta yi aiki. Akwai wata tsohuwar ƙwaya mai irin wannan aiki, Clomid, wadda aka yarda da ita a Amurka tun 1967, mata da yawa kan saye ta a kemis su sha da kansu. Wannan ganganci ne, domin tana iya kumbura gidan ƙwai, tana iya kawo 'yan biyu ko fiye, ba a kuma son a yi ta shanta wata da watanni ba iyaka. In bututu a toshe yake, ko matsalar ta miji ce, ko kwali nawa aka sha aikin banza ne. Daga ƙarshe ya shawarci maigida, tun da ba a san ranar da ƙwai zai fita ba, kada ya wuce kwana 2 ko 3 bai kusanci iyalinsa ba. Ita kuma ya ce ta lura da wani ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, alama ce ƙwan ya kusa fita.

Ta ci gaba da rubutu. Zagaye na farko kwana 41, na biyu 33, na uku 31, na huɗu 31. A na biyar jini ya yi jinkiri. Wannan karon ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta, suka tafi asibitin Kura aka gwada fitsari, aka ce ciki ne. Ta yi awo har watanninta suka cika, ta haifi 'ya mace ana tsakiyar dashen shinkafa. Uwar miji kuwa har yanzu cewa take yi cikin nan ne da ya kwanta ya tashi, ba wanda ya yi mata gardama, tun da jikar tana bayanta.

Kada mai karatu ya zaci kowace mai nema haka labarinta ke ƙarewa. Wata maƙwabciyarta, da ta ga abin da ya faru, ita ma ta sami littafi ta soma rubutu. Nata jinin ba jinkiri yake yi ba, yawan zuwa yake yi. Rubutun ya nuna al'adarta na zuwa daidai duk kwana 29, amma tsakani akwai ɗige-ɗigen jini, musamman bayan saduwa, ga ciwon mara. Tun tana yarinya a magudana take wanki da wanka. Ruwan noman rani kuwa, duk da albarkarsa, a wuraren da ya kwanta yana tara ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar takan huda fata ta shiga jiki, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Mutane sun san tsargiya ga yara maza masu fitsarin jini, amma kaɗan ne suka san ga mace ƙwayayen kan maƙale a bakin mahaifa da bututu, su kawo zubar jini da tabo. Aka ba ta Praziquantel, maganin tsargiya, ɗigar jini ta tsaya, amma hoto ya nuna bututunta duka biyu sun riga sun toshe. Ba ƙwayar da za ta buɗe su. Likita ya gaya mata gaskiya, sai dai aikin tiyata, ko haɗa ƙwai a asibiti a dasa a mahaifa, dabarar da aka fara cin nasararta a Ingila a 1978, mai tsada ƙwarai. Ba ta haihu ba, 'yar ƙaninta take riƙo. Amma ta daina zubar da kuɗinta wajen masu saiwa, ta kuma kwashi ƙannenta mata ta kai su aka ba su maganin tsargiya tun wuri, don kada su bi sawunta.

Mata biyu ke nan a unguwa ɗaya, dukansu an ce al'adarsu ta rikice, dukansu an kira su juya, ashe ciwonsu ba ɗaya ba ne, rubutu da gwaji ne suka rarrabe. Rashin haihuwa ba baƙon abu ba ne a duniya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wajen mutum 1 cikin 6 yakan gamu da shi a rayuwarsa. Fiye da ma'aurata 80 cikin 100 kan sami ciki cikin shekarar farko, shi ya sa likitoci ke cewa in an shekara ana zaman aure ba ciki, a zo a duba. In mace ta wuce shekara 35, wata 6 ya isa, domin ƙwai na raguwa da shekaru. Wadda al'adarta ba ta da tsari kuwa, kada ta jira shekara, ta je tun da wuri, ta tafi da kwanakinta a rubuce, mijinta kuma ya raka ta. Kada a yi mata yanka, kada a cusa mata kanwa, kada a ƙirga mata ɓarin da ba a gwada ba.

Haihuwa ta Allah ce, shi ke ba wanda ya so. Ruwan Tiga ma nasa ne, amma ba a taɓa ganin manomin kirki ya ce tun da ruwa na Allah ne ba zai rubuta ranar zuwansa ba. Littafin nan mai jan bango yana nan a gidan. A gaba akwai bashin taki da buhunan shinkafa, a shafin ƙarshe kuma, ƙarƙashin jerin kwanaki, akwai ranar suna da uwar yarinya ta rubuta da hannunta. Allah ya ba masu nema, ya raya waɗanda aka samu.